Talotalon Daji Bayan Farauta: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara da Girki

Duk shekara idan Afrilu ya kama, lokacin da yawancin jihohin Amurka ke buɗe farautar talotalon daji, tambayoyi iri ɗaya ke dawowa daga 'yan'uwanmu mazauna can. Wani ya bi abokan aikinsa daji ya dawo da tsuntsu a bayan mota bai san ta ina zai fara ba, wata kuma maƙwabci ya miƙo mata tsoka a leda, ta dafa yadda ta saba dafa kaza, haƙori ya kasa. An tattara waɗanda suka fi yawa a nan, daga kan shi kansa tsuntsun har zuwa ajiyar namansa.

Talotalon daji da wanda ake saya a kanti ba abu ɗaya ba ne?

Asalinsu ɗaya, rayuwarsu ce ta raba su. Talotalo tsuntsun Arewacin Amurka ne. Mutanen Meziko na dā ne suka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso gidajenmu. Na kanti, farin nan mai faffaɗan ƙirji, an yi ta zaɓen irinsa ne domin tsoka, ana yanka shi yana ɗan wata huɗu zuwa biyar, bai taɓa tashi sama ba. Na daji kuwa wuni yake yana yawo yana tonon ƙasa, yana cin 'ya'yan itace da ƙwari da tsaba, da magariba ya tashi ya kwana a kan bishiya. Yana gudun kusan kilomita 40 a awa, idan ya tashi kuma yana iya haura kilomita 80 a ɗan gajeren zango. Namijin da mafarauta ke nema galibi ya shekara biyu ko fiye, nauyinsa kilo 8 zuwa 10, macen wajen rabin haka.

Wanda ya san bambancin zabo da kazar gidan gona ya riga ya fahimci rabin maganar. Kitse kaɗan ne, ƙirjin siriri, cinyoyin baƙaƙe masu tauri, amma ɗanɗano ya ninka na kanti. A Amurka iri biyar ne: na gabas wanda ya fi yawa, Osceola na Fulorida, Rio Grande na wajen Teksas, Merriam na duwatsun yamma, da Gould na iyakar Meziko. A tukunya bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Shekarun tsuntsun da yadda aka kula da shi bayan harbi su ne ke magana.

Doka ta yarda a harbe shi?

Ta yarda, amma da sharuɗɗa, kuma kowace jiha da nata. Sai da lasisin farauta, a wurare da yawa har da izini na musamman na talotalo, sannan akwai ranakun buɗewa da rufewa da adadin da mutum zai harba. A zangon bazara yawancin jihohi mai gemu kawai suka yarda a harba, wato mai tuntun gashin nan da ke reto a ƙirji, domin mata na kan ƙwai. Wasu jihohin suna da zango na biyu da kaka.

Tsananin yana da dalili. A farkon ƙarni na 20 saran daji da farautar kasuwa sun kusa ƙarar da tsuntsun. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai domin farfaɗo da namun daji, daga shekarun 1950 aka riƙa kama na daji da raga ana kai su inda suka ƙare, a 1973 kuma aka kafa ƙungiyar kare talotalon daji ta National Wild Turkey Federation. Yau adadinsu ya kai wajen miliyan 6, ana samunsu a kowace jiha ban da Alaska. Abin da ya shafi mai girki a dokar shi ne: kafin ka sa wuƙa, ka liƙa takardar shaidar harbi ko ka yi rajistarsa yadda jiharka ta tsara, kuma wasu jihohin suna so a bar gemu ko ƙafa a jikinsa har a iso gida.

Ya halatta ga Musulmi ya ci abin da bindiga ta kashe?

Farauta halal ce, kuma asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu bin Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim: abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. Mafi yawan malaman baya-bayan nan, har da na Malikiyya, sun tafi a kan cewa harsashi hudawa yake yana zubar da jini, saboda haka idan ka yi bisimilla lokacin harbi, ka iske tsuntsun ya riga ya mutu, ya halatta. Idan kuwa ka iske shi da sauran rai, to yanka ya wajaba.

A nan ne ake samun matsala a aikace. Talotalon da aka harba a ka yana daɗewa yana fuffuka, kuma al'adar mafarautan Amurka ita ce su ruga su take masa wuya da takalmi har ya daina motsi. Kai kada ka yi haka. Ka tafi da wuƙa mai kaifi a inda hannunka zai kai nan take, ka danne fukafukan da gwiwa, ka kula da tsinin da ke bayan ƙafafunsa domin yana yanka fata, ka yi bisimilla ka yanka. Ko ta fuskar girki ma yankan riba ne, jini ya fita nama ya fi tsabta. Game da naman da maƙwabci wanda ba Musulmi ba ya harbo ya ba ka kyauta, malamai sun saɓa, kuma Malikiyya sun fi tsanantawa a kan farautar ahlul kitabi fiye da yankansu. Wannan ka kai wa malaminka.

Na harbe shi. Me zan fara yi?

Ka sanyaya shi. Jikin tsuntsu yana da zafi, gashi kuma yana riƙe zafin, ga hanji a ciki. Idan akwai rana kuma gida da nisa, ka fitar da kayan ciki tun a daji: ka tsaga fata daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa dubura, ba da zurfi ba don kada ka fasa hanji, ka zura hannu ka jawo komai, har da huhun da ke manne da haƙarƙari. Ka ware zuciya da hanta da ƙundu a leda daban. Sannan ka tsaga gindin wuya ka cire jakar da yake tara abinci, domin abin da ke cikinta yana saurin tsami.

Namijin bazara yana da wani tattausan kitse mai ruwa-ruwa a saman ƙirji, kusa da jakar abincin, wanda yake tarawa domin lokacin barbara. Ka yanke shi ka yar, shi ne ke fara lalacewa, kuma yawancin ƙarnin da ake ɗora wa naman daga nan yake. Bayan haka ka cusa ledar ƙanƙara a cikinsa, ka sa shi a kula, wato akwatin riƙe sanyi. Abin da ake nema shi ne naman ya sauko digiri 4 a ma'aunin Salshiyas da wuri. Babban kuskure shi ne a jefa shi a but ɗin mota a tsaya ɗaukar hoto da cin abincin rana.

Figewa ta fi ko feɗewa?

Ya danganta da abin da za ka dafa. Idan gashi ko kyafewa ko suya ɗungurungum kake so, fige shi, domin fata ce kaɗai kariyar da naman ke da ita daga bushewa. Talotalo yana da gashi dubbai, aikin ba na gaggawa ba ne. Ruwan figa ya zama mai zafin digiri 60 zuwa 65, ba tafasasshe ba, in ba haka ba fatar ta dahu ta yage. Ka tsoma, ka gwada jan gashin fiffike, idan ya fito ba gardama to ya yi. Sauran ƙananan gashin a babbake.

Idan kuwa gunduwa-gunduwa za ka yi, wanda shi nake ba da shawara, feɗewa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tsaga fata a tsakiyar ƙirji ka yaye ta gefe da gefe, ka bi ƙashin tsakiya da wuƙa ka ɓare tsoka biyu, sannan ka danna cinyoyi baya har gaɓar ta ɓalle ka yanke su. Kada ka tsaya a ƙirji kawai. Dalilin yana amsar tambayar cinyoyi a ƙasa.

Ƙwayoyin harsashi fa?

Ana auna kai da wuya ne, amma ba a rasa 'yan ƙwayoyin da suka kauce suka shiga ƙirji. Ka ɗaga tsokar a gaban haske ka nemi ƙananan ramuka, sau da yawa za ka ga ɗan gashi ya shige ciki tare da ƙwayar. Ka bi ramin da bakin wuƙa ka fitar, ka yanke inda jini ya kwanta. Na darma guba ne, musamman ga yara da masu ciki. Na ƙarfen tangistin da ake yayi yanzu ba su da wannan illar, sai dai tauri gare su, suna fasa haƙori kuma suna lalata injin niƙa nama.

A dafa shi a ranar, ko a jira?

A jira. Bayan mutuwa tsoka tana sandarewa, wanda aka dafa cikin wannan hali kuwa ko awa nawa ya yi a wuta da sauran tauri. Ka bar shi a firiji kwana ɗaya zuwa biyu, a rufe, ƙasa da digiri 4. Idan ba za ka dafa cikin wannan lokacin ba, sai firiza. Hanta da zuciya su ne na ci a ranar.

Me ya sa ake hana gasa shi ɗungurungum yadda ake yi wa na Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa?

Saboda nama iri biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya, kuma abin da ɗaya ke so shi ne ke kashe ɗayan. Ƙirji fari ne marar kitse, da ya kai digiri 74 ya gama, duk minti ɗaya bayan haka ruwa yake zubarwa. Cinyoyi kuwa cike suke da jijiya, ba sa laushi sai sun daɗe a cikin ruwa mai zafi na awanni. Idan ka sa su a obin tare, ko dai ka fito da ƙirji mai kyau da cinyoyin da ba sa tauno, ko ka jira cinyoyi ƙirji ya bushe ƙamas, su cinyoyin ma ba lallai su yi ba. Na kanti yana jure wannan ne domin yaro ne, ga kitse, sau da yawa ma an riga an yi masa allurar ruwan gishiri tun daga kamfani.

Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu: a raba tsuntsun, ƙirji ya sha wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci, cinyoyi su sha wuta kaɗan ta dogon lokaci. Idan dole sai an kai shi teburi a cike, a zaɓi ɗan shekara ɗaya, a fige, a jiƙa a ruwan gishiri, a cusa man shanu ƙarƙashin fata, a gasa a rufe a wajen digiri 160, a buɗe a ƙarshe ya yi ja. Duk da haka da ƙirji ya yi a cire cinyoyin a mayar da su tukunya.

Jiƙawa a ruwan gishiri dole ne?

Ga ƙirjin da za a gasa ko a kyafe, kusan dole ne. Gishiri yana sassauta tsoka ya sa ta riƙe ruwa a kan wuta. A kowace lita ɗaya ta ruwa a zuba gishiri giram 50 zuwa 60, wato kimanin babban cokali uku, da sukari cokali ɗaya. Wanda yake so ya ƙara dakakkiyar citta da tafarnuwa da masoro. A nutsar da ƙirjin awa 8 zuwa 12 a cikin firiji, ba a kan teburin kicin ba, a ɗauraye, a tsane da kyau. Idan ya wuce kwana guda gishiri ya yi yawa, tsokar kuma ta yi wani irin laushi marar daɗi. Bayan jiƙawa a yi hattara da ƙarin gishiri da dunƙule.

Mutanen kudancin Amurka suna jiƙa nasu ne a tsala mai tsami kafin suya, kuma dabara ce mai kyau. Kindirmo da aka ɗan tsinka da ruwa yana yin aikin. Cinyoyin da za su yi awanni a tukunya ba sa buƙatar jiƙo ko ɗaya.

Wace hanya ta fi dacewa da ƙirjin?

Kafin wuta, gyara. Kowane ɓari na babban namiji kan haura kilo ɗaya, gefe ɗaya mai kauri ɗaya siriri, don haka ba ya dahuwa daidai idan aka bar shi yadda yake. A raba mai kaurin da siririn. A ɗaye farar yanar da ke samansa da wuƙa. A ƙarƙashinsa akwai wata doguwar tsoka da ke ɓarewa da kanta, ita ce mafi laushi a jikin tsuntsun, sai dai akwai farar jijiya a tsakiyarta, a zare. Sannan a duba yadda zaren naman ya kwanta a yanka a gicciye. Wanda ya yanka bin tsawon zare ya ƙara wa kansa tauna.

Abin da mafarautan Amurka suka fi yi shi ne suyar ƙananan gutsattsari. A yanka girman babban yatsa, a kwana a kindirmo da yaji, a juya a fulawa mai gishiri da barkono, a soya a man gyaɗa mai zafin digiri 175 minti uku zuwa biyar. Kada a cika kasko, mai ya huce su sha mai. Hanya ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce a yanka fale-fale, a sa tsakanin leda biyu a bubbuga da muciya har kaurin ya koma rabin santimita, a tsoma a fulawa da ƙwai da garin burodi, a soya minti biyu zuwa uku kowane gefe. Bugun yana karya zaren naman, ko tsohon namiji ya yi laushi.

Idan miya ce, kamar ta gyaɗa ko jar miya, kada a sulala ƙirji tun farko yadda ake yi wa naman sa. A haɗa miyar da romon ƙashi, idan ta kusa sauka a zuba yankakken ƙirjin ya yi minti goma.

Ta yaya zan san ya dahu ba tare da ya bushe ba?

Da ma'aunin zafi na nama, ba da ido ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa digiri 74, wato 165 a ma'aunin Farenhait da ke jikin obin ɗin can, a matsayin iyakar da ke kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela a naman tsuntsaye. A soka ma'aunin a inda ya fi kauri. Babbar tsoka tana ci gaba da ɗaukar zafi bayan an sauke, saboda haka masu gashi kan cire ta a wajen digiri 71, su rufe ta minti goma, su sake aunawa su tabbatar ta kai 74 kafin su yanka. Naman da aka kyafe yakan yi ja-ja a gefe ko ya dahu, launi ba hujja ba ne.

An ce mini cinyoyin ba sa ciwuwa, in zubar. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma abin takaici ne yawan cinyoyin da ake bari a daji. Wasu jihohin ma suna da dokar hana wofintar da naman abin da aka harba. Waɗanda suka ce ba sa ciwuwa gasa su suka yi ko suka soya. A ganina nan ne daɗin tsuntsun yake.

A raba cinya da ƙwauri. A barbaɗa gishiri, a soya su sama-sama a tukunya mai nauyi har su yi ja, a kwashe. A soya albasa mai yawa a man, a zuba citta, tafarnuwa, kanumfari, kimba da attaruhu, a mayar da naman, a zuba ruwa ya kusa shan kansa. A rufe, a rage wuta har ya zama ruwan yana ɗan motsi ne kawai, ba tafasa ba. Daga nan sai haƙuri. Bayan awa biyu za ka taɓa ka ji kamar ba a fara ba, a nan mutane ke karaya su sauke. Jijiyar ba ta narke ba tukuna. Tsakanin awa uku zuwa biyar, gwargwadon tsufan tsuntsun, za ka ga nama ya saki ƙashi da kansa, ya dahu luguf, romon ya yi kauri yana danƙo a leɓe. Tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali tana ɗaukar awa shida zuwa takwas, tukunyar firesha kuwa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Abu ɗaya ne ba zai taɓa laushi ba. A cikin ƙwauri akwai siraran jijiyoyi da suka rikiɗe suka zama ƙashi, dogaye masu faɗi da kaifi. Idan naman ya huce a bi da hannu a zare su ɗaya bayan ɗaya, a lalube sosai, musamman idan yara za su ci. Naman da aka zare ya shiga farfesu, ko miyar taushe, ko dafa-duka. A Luwiziyana da shi suke yin gambo, miyarsu mai kuɓewa da ake ci da shinkafa, a Meziko kuma talotalo ne abokin miyar nan ta mole mai barkono da cakulan.

Za a iya yin dambun nama da tsire da kilishi da shi?

Dambun nama kamar don shi aka yi cinyar talotalon daji. Bayan an dafa yadda aka bayyana a amsar da ta gabata an zare ƙasusuwan, a bar ruwan ya tsotse a jikin naman, a daka a turmi ko a murje da hannu, a soya a mai kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya bushe ya yi wara-wara, a barbaɗa yaji. Rashin kitsen da ke zama aibi a wajen gashi, a nan alheri ne.

Tsire kuma da ƙirji ake yi. A yanka siriri a gicciye, a shafa man gyaɗa kafin yajin ƙuli da kuma lokacin gashi, a ajiye a gefen garwashi domin ƙuli yana saurin ƙonewa. Minti kaɗan ya ishe shi. Kilishi yana yiwuwa, amma ban da shanya ɗanyen naman tsuntsu a rana. Shawarar Ma'aikatar Noma ita ce naman ya fara kai digiri 74 kafin a busar da shi, sannan a busar a obin ko na'urar busarwa a wajen digiri 55 zuwa 60. Bayan an tsoma a labu a sake busarwa, a gama da ɗan gashi kamar yadda aka saba.

Girke-girken da nake gani duk da naman alade da giya. Da me zan musanya?

Suna naɗe ƙirji da kitsen alade ne don cike gurbin kitsen da babu. Man shanu yana yi, haka kitsen rago da aka yanka fale-fale aka shimfiɗa a sama, ko tantanin kitsen da ke lulluɓe da tumbi idan mahaucinka na halal yana da shi. Giya kuma tsami da ɗan zaƙi take kawowa, sai a sa romo da ruwan tsamiya, ko ruwan tuffa da lemon tsami. A lura da tsiran da suke sawa a gambo, galibi na alade ne. Akwai na sa a shagunan halal.

Kyafewa da suya cikin mai mai zurfi fa?

Kyafewar Amurkawa ba irin bandarmu ba ce da ake busar da nama don ajiya, dafuwa ce a hankali cikin hayaƙi, a ci da ɗumi. A jiƙa ƙirjin a ruwan gishiri tukuna, a bar shi ya sha iska a firiji ya tsane, a sa a murhun hayaƙi mai zafin digiri 110 zuwa 120, ana shafa man shanu. Itacen tuffa ko ceri ya fi dacewa, hikori yana da ƙarfi, kaɗan ya isa. Itacen da ke da ƙaro irin su fayin ba a kyafe nama da shi.

Suya ɗungurungum a ƙatuwar tukunyar mai ta shahara a kudu, kuma tana fitar da ƙirji mai kyau, mai a digiri 175, wajen minti 7 zuwa 8 kowane kilo. Sai dai duk shekara tana ƙona gidaje. A yi ta a fili nesa da gini, tsuntsun ya narke sarai ya bushe, domin ƙanƙara ko ruwa a tafasasshen mai ambaliya ce da gobara. A kashe gas kafin a zura shi a hankali, sannan a kunna. Cinyoyin ko a nan ba za su yi laushi ba, gara a cire su tun farko.

Ƙashi da wuya da kayan ciki?

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda ya tashi tun kafin asuba ya zauna cikin sanyi bai kamata ya yar da rabin abin da ya samo ba. Ƙashin baya da wuya da fukafukai a gasa su a obin su yi ja, a zuba a tukunya da albasa da ruwan sanyi, a bar su awa huɗu zuwa shida a wuta kaɗan, ana kwashe kumfa. Romon ya fi na kaza ƙarfi, idan ya huce har daskarewa yake. Wuya yana da nama fiye da yadda ake zato.

Ƙundu a tsaga, a zubar da tsakuwar ciki, a ɗaye rawayar fatar, a dafa shi tare da cinyoyi. Hanta a duba ta: mai kyau sumul take, launinta ɗaya. A cire matsarmama a hankali kada ta fashe. Idan hantar tana da tabo ko ɗigo-ɗigo, a yar.

Yaushe ne bai kamata a ci tsuntsun ba?

Idan tun kafin harbi ka ga ba ya gudu, yana tangaɗi, ko ka iske shi a mace, ka bar shi ka sanar da hukumar namun daji ta jiha. Haka idan ya rame har ƙashin ƙirji ya fito, ko kansa ya cika da ƙuraje, ko naman ya yi kore yana wari. Maza suna faɗa da bazara, don haka akan ga tsohon rauni. Idan ƙarami ne ya warke a yanke wurin, idan da mugunya ya bazu a haƙura. Tun 2022 murar tsuntsaye ke yawo a tsuntsayen dajin Amurka, shi ya sa hukumomi ke cewa a sa safar hannu wajen gyara, a yi aikin a waje, a wanke wuƙa da katako da sabulu, kada kuma a kusanci kajin gida da kayan da aka yi aikin da su.

Yaya ake ajiyarsa, kuma yaya ake narkar da shi?

A raba kashi-kashi gwargwadon girki ɗaya, ƙirji daban cinyoyi daban, a rubuta kwanan wata. Iska ce abokiyar gaba, ita ke busar da nama a firiza ya yi fari-fari, don haka ledar da ake zuƙe wa iska ta fi, in babu a naɗe sau biyu a matse. A digiri 18 ƙasa da sifiri gunduwa tana kai wata 9 da daɗinta, cikakken tsuntsu shekara guda.

Narkarwa a firiji ake yi, kwana ɗaya ga kowane kilo biyu. Idan ana sauri a nutsar da ledar a ruwan sanyi ana canza ruwan duk minti 30, a dafa nan take. Dafaffe kuma kada ya wuce awa biyu a waje, a firiji kwana uku zuwa huɗu.

Zan iya sayar da ragowar, ko in yi tsiren sayarwa da shi?

A'a. Sayar da naman dajin da aka farauto haramun ne a dokokin jihohin Amurka gaba ɗaya in ban da 'yan keɓantattun abubuwa, kuma idan naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba ya ƙetare iyakar jiha, dokar tarayya ta Lacey ta 1900 ta shigo ciki. Talotalon da ka gani a gidan abinci, ko an kira shi na daji, na kiwo ne. Kyauta kuwa babu laifi, sai dai wasu jihohin suna so a haɗa naman da 'yar takarda mai sunan wanda ya harba da lambar lasisinsa da ranar harbin. Idan za ka ba wanda bai saba ba, ka gaya masa wanne ne ƙirji wanne ne cinya, da awa nawa kowanne ke so a wuta.